Sugan Malam Shawulu

Duk wanda ya yi biki a Nassarawa GRA cikin shekara talatin ɗin nan bai ci kek ɗin Elisabatu ba, to ɗayan biyu ne: ko marowaci ne, ko auren ɓoye ya yi. Musulmi da Kirista, suna da ɗaurin aure da walimar ƙarin girma, duk a hannunta ake karɓa. Kuma ba a karɓa sai an haɗa da gyara, gyaran kuwa baƙar magana ce. Amarya ta zo ta ce tana son hawa biyar, Elisabatu ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Hawa biyar? Angon naki ɗaki nawa ya kama?" A yi dariya, a daidaita a hawa biyu.

'Yar Wusasa ce. A can ta koyi sana'ar tun tana 'yar shekara goma sha biyu, a wurin wata tsohuwar 'yar mishan da ba ta iya Hausa ba sai "sannu" da "kai!". Aure ya kawo ta Kano. Mijin, Malam Shawulu, akawu ne a sakatariya, gwanin buga tafireta, irin mutanen nan da ko singileti sai sun goge. Maigidansa a ofis, Alhaji Mahmudu, ya ba su sashen baya na gidansa su zauna kafin su samu wuri. Kafin su samu wurin ne har suka haifi Calvin, ya girma, ya yi aure ya tafi Fatakwal. Alhajin ya rasu, matarsa Hajiya Ma'u ta ce ba inda za su. "In kun tashi, wa zai riƙa yi mini faɗa da safe?"

Shi Shawulu mutum ne mai sanyi, sanyin da ke ƙona wa mai zafi rai. Shekara arba'in Elisabatu na zuba masa wuta yana cewa, "To, Maman Calvin." Laifinsa ɗaya da duniya ta sani, kwaɗayin gefen kek, ɗan ƙamƙam ɗin nan da ake yankewa kafin a shafa aisin, adon sugan nan na saman kek. Yana jin ƙamshi zai taso da jarida a hannu, wai ya zo duba ko famfo na zuba.

Akwai kuma ciwon hanta. Shekara ashirin da biyu ke nan da aka gano ƙwayar a jininsa, ranar da ya je ba wani ɗan cocinsu jini aka ce ya riƙe kayansa. Tun daga nan duk wata shida sai ya je an duba shi. Da fari tare suke zuwa. Da shekaru suka tura, kullum labari ɗaya, hanta na nan da kumburinta, a ci gaba da magani, sai Elisabatu ta fara barinsa ya je shi kaɗai. Ranar da abin ya faru ma tana da kek hawa uku na wani biki a Gawuna, ga zafi, ga aisin na neman narkewa.

Ya dawo wajen la'asar, ya cire takalmi ya jera su kamar za a zo duba gari.

"Me suka ce?"

"Suga ne."

"Suga? Ina hantar?"

"Hanta na nan inda take. Likita ya ce sugan jikina ya canza."

Ta ajiye wuƙar aisin.

Labari ba ya buƙatar kuɗin mota. Washegari da hantsi sai ga adaidaita ta sauke Amanda, yayar Shawulu, daga Kaura Goje. Malamar firamare ce da ta yi ritaya amma ba a gaya wa muryarta ba. Tun daga bakin get ta fara.

"Ai na faɗa! Shekara nawa ina faɗa? Mutum ya zauna a gida kullum fulawa, kullum bota, kullum suga buhu-buhu kamar kantin sari. Danginmu kaf ba mai suga. Ubanmu ya shekara casa'in yana shan rake da haƙoransa. Ke kika ɗura wa ƙanena, Lisabatu, ke!"

"Yaya Amanda, ɗura na yi masa? Jariri ne?"

"Namiji ai jariri ne a gaban abinci. Wadda ta ajiye ita ce mai laifi."

A wata rana da Elisabatu ta mayar mata da goma. Amma ta waiga ta ga Shawulu zaune a kujerar roba, kansa a sunkuye, bai ce e ba bai ce a'a ba. Shirun nan nasa shi ya kayar da ita. In da ba gaskiya a maganar, ai da ya buɗe baki. Ta tuna shekara arba'in na gefen kek, ta tuna yadda take yi masa tsiya amma tana turo masa farantin. Sai maganar ta shige ta kamar ƙaya.

A satin ta gama aikin da ta riga ta karɓa, ta wanke gwangwanaye ta kife, ta lulluɓe oben da tsohon zani. Mata suka yi ta sallama tana sallamarsu. A zumuntar mata ta coci aka sa Shawulu cikin addu'a, wata mai kaifin murya ta ƙara da roƙon Ubangiji ya ba matan aure hikimar sanin abin da za su sa a gaban mazajensu. Aka ce amin da ƙarfi. Elisabatu ma ta ce amin, haƙoranta a datse.

Gidan ya koma gidan ɗaci. Acha da safe, tuwon alkama da rana, miyar shuwaka da ba a wanke sosai ba don kada amfanin ya tafi. Amanda kuma duk Asabar sai ta iso da jarka cike da jiƙon garahuni da wasu saiwoyi da ita kanta ba ta san sunansu ba, wai wani mutumin Zangon Kataf ne ya haɗa. Calvin ya aiko da na'urar gwajin suga. Kullum da safe Shawulu ya huda yatsa, ya rubuta lambar a littafi da kyakkyawan rubutunsa na akawu. Lamba kuwa kullum lafiya lau.

"Kin gani?" in ji Amanda. "Aikin garahuni ke nan. Da na bar miki shi da tuni an yanke masa ƙafa."

Mutum yana ramewa, ana murna. Ya ƙara huda a bel ɗinsa, aka ce tumbi ne ke sauka. Ya fara ture abinci, aka ce wa zai ga laifinsa, shuwaka ce. Ya riƙa dafe gefen cikinsa na dama in zai tashi, aka ce jiƙo ne ke wanke datti. Wata biyar cur, an bar jaki ana dukan taiki, taikin kuwa Elisabatu ce.

Wadda ta ɓaro zancen Najla ce, autar Hajiya Ma'u, wadda Elisabatu ta goya tana jaririya. Yanzu malama ce a jami'a, bincikenta a kan sinadaran jini, har ana ce mata dakta ko da yake ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Ta zo hutu, ta zagayo baya tana son kek na saukar karatun 'yarta.

"Na daina," in ji Elisabatu.

"Kin daina me, Mama?"

"Kashe mutane. Je ki kanti ki sayo na leda."

Najla ta zauna a bakin baranda, ta ƙi tafiya sai ta ji dalili. Shawulu ya fita taron kwamitin coci, littafin lambobinsa na kan tebur. Ta ɗauka ta buɗa shafi ɗaya, biyu, biyar.

"Mama, wane magani likita ya ba shi na sugan?"

"Ba magani. Abinci ne maganin."

"Tun ranar farko lambar haka take? Kafin a fara achar?"

Elisabatu ta karɓi littafin ta duba shafin farko. Haka take.

"Wannan ba jinin mai ciwon suga ba ne. Jinina ma bai kai nasa kyau ba. Ina takardar asibitin?"

Ba ta taɓa ganin takardar ba. Ba ta ma taɓa tambaya ba, abin da ya fi cin ranta daga baya ke nan. Amma ta san mijinta. Akawu na gaske zai iya yar da ɗansa, ba zai yar da takarda ba. Ta shiga ɗaki ta jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, ta fasa kwaɗon da taɓarya. Fayil-fayil a jere, kowanne da sunansa: Fansho, Calvin, Coci, Lafiya. A cikin na Lafiya, takarda ta sama, ga sakamakon jini, ga na hoton ciki, ga rubutun likita a ƙasa cewa a dawo cikin sati biyu ba fashi, tare da wani na gida. A kusurwar takardar kuma, da jan biro, ga haruffa uku da hannun Shawulu: K.I.V. Har da kwanan wata da sa hannu.

Wanda bai yi aikin gwamnati ba ba zai gane zagin da ke cikin haruffan nan ba. Su ake rubuta wa fayil ɗin da ba a son taɓawa. Ma'anarsu a ajiye tukuna, a sa ido. A sakatariya kuwa fayil ɗin da aka sa wa ido, gara ce ke karanta shi. Mutumin nan ya ɗauki hantarsa ya yi mata abin da ya shekara talatin da biyar yana yi wa takardun 'yan fansho.

Najla ta karanta, fuskarta ta sauya. Elisabatu ta ce, "Kada ki yi mini Turanci, kada ki yi mini kuka. Faɗa mini da Hausar da na goya ki da ita. Akwai suga a takardar nan ko babu?"

"Akwai, Mama. Amma ba na shayi ba ne."

"Suga kala nawa ne a duniya?"

"Bari in tambaye ki. In kika yi kwaɓi ɗaya kika gasa kek goma, me ke nuna wannan na biki ne, wancan na suna?"

"Aisin mana. Ke ma kin sani."

"To jiki ma haka yake aiki. Yana ƙera abin da muke kira furotin, iri-iri, su ne ma'aikatan jiki. Kafin kowanne ya fita aiki sai an yi masa ado da wasu 'yan sarƙoƙi na suga. Jikin ne da kansa ke haɗa su, ba ruwansu da cokali nawa mutum ya zuba a kofi. Adon nan shi ne shaidarsa. Da shi ake gane daga ina yake, ina za shi, na gida ne ko baƙo."

"Ina jin ki."

"Hantar Baba ta shekara ashirin da wani abu tana kumburi. Ta ji ciwo ta warke, ta ji ciwo ta warke, ba hutu. Wurin da kullum ake faɗa, masu yin adon sai aikinsu ya karkace. A ƙara abin da bai kamata ba, a sa a inda ba wurinsa ba. In kuma wasu ƙwayoyin hantar suka lalace suka fara zama ƙari, wannan karkataccen adon shi ke yi musu rana. Sojojin jiki su zo kamu, su ga ado kamar na ɗan gida, su wuce. Wani adon ma yana da danƙo, ya taimaka wa muguwar ƙwaya ta maƙale a jijiyar jini ta yi ƙaura zuwa wani wuri. Gwajin nan da aka yi wa Baba, wani furotin na hanta aka auna, aka ga mai karkataccen adon ya yi yawa. Shi ne likita ya ce sugan ya canza. Hoton kuma ya nuna ɗan ƙari ɗaya, kamar ƙwayar gyaɗa."

"Ƙari. Daji kike nufi."

"Sai an tabbatar, Mama. Amma shi ake tsoro, shi ya sa aka ce sati biyu."

Elisabatu ta ƙirga da yatsu, kamar yadda take ƙirga ƙwai. Sati ashirin da ɗaya.

"Kek ɗina fa?"

"Ko tirela ya ci, ba shi ya kawo wannan ba. Jiƙon nan dai a daina yau. Hanta ce ke tace duk abin da aka sha, tasa kuwa ta gaji."

Da ma ranar Asabar ce. Shawulu da Amanda suka iso kusan tare, shi da jakarsa a hammata, ita da jarkarta. Suka tarar da Elisabatu a tsakar wuri, akwati a fashe, takarda a cinya. Najla ta miƙe za ta sulale, Elisabatu ta ce, "Zauna. Shaida nake so, mai digiri."

Ta ɗaga takardar. "Baban Calvin, wannan jan biron na wane ne?"

Ya dubi kwaɗon da ke ƙasa. "Kin fasa mini akwati."

"Zan fasa maka kai in ka sake yi mini zancen akwati. Likita ya ce maka daji ko bai ce ba?"

Amanda ta dire jarka. "Wane irin daji kuma? Lisabatu, bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

"Yaya, yau ba ajinki ba ne, nawa ne. Yi shiru ki koyi karatu. Ya ce ko bai ce ba?"

Shawulu ya zauna a hankali, yana dafe gefen nan na dama.

"Likitan, yaro ne, ya yi bayani mai tsawo. Har zane ya yi mini. Ya ce suga sau uku ko huɗu. Ɗayar kalmar sau ɗaya ya faɗe ta." Ya share fuska. "Na ɗauki wadda zan iya ɗauka na taho da ita gida."

"Ka ɗauki wadda za ka iya ɗauka." Ta maimaita a hankali, sannan murya ta tashi har tantabarun Hajiya Ma'u suka watse. "Ka ɗauki mara nauyin, mai nauyin ka ɗora wa wa? Kana zaune a kujerar nan yayarka ta ce ni na kashe ka, ka sunkuyar da kai kamar tunkiyar da aka kai kasuwa! Aka yi mini addu'ar habaici a gaban bagadi, na ce amin! Na rufe sana'ar da na fi shekara hamsin ina yi, na zauna ina wanke shuwaka har hannuna ya yi ɗaci, ina kallon ka kana ƙarewa ina cewa alhakina ne! Kai kuwa kullum da safe ka huda yatsa, ka rubuta ƙarya da kyakkyawan rubutu!"

"Ba ƙarya na rubuta ba. Lambar gaskiya ce."

"Ji shi! Akawu har kabari! Duk wannan ma na yafe wa kaina wautar da na yi, da ban ce nuna mini takarda ba. Amma sati biyu aka ce, Shawulu. Sati biyu! Ciwon nan ka ɗauka ɗan fansho ne, da za ka ce ya dawo wata mai zuwa oga ba ya nan? Yana can yana cin hantarka ko ka sa hannu ko ba ka sa ba!"

Shekara arba'in ba ta taɓa kiran sunansa gatsau a gaban mutane ba. Kowa ya ji.

Amanda ta ce da ƙaramar murya, irin wadda ba a san tana da ita ba, "To ni ina zan sani? Suga ya ce."

"Ba ki sani ba, amma bakinki ya sani. Ɗauki jarkarki ki mayar wa mutumin Zangon Kataf, ki ce ya ba surukarsa. Gobe kuma in an tashi coci, ke za ki tsaya gaban zumuntar mata ki gyara addu'ar nan. Da ƙarfin da kika ɓata ni, da shi za ki wanke ni."

Ran Litinin da sassafe Najla ta kai su asibiti a motarta. Aka sake ɗibar jini, aka sake hoto, aka ce su dawo Alhamis. Ran Alhamis Najla ta sake kai su. Da aka kira sunan Shawulu, Elisabatu ce ta riga shi shiga, ta zauna daram a kujerar mara lafiya, ta bar shi tsaye da hula a hannu. Likitan, saurayi ne mai tabarau, ya dube su.

"Mama, wane ne mara lafiyar?"

"Shi ne mai ciwon, ni ce mai kunnen. Da ni za ka yi magana. Kuma ɗana, ka yi karatu, Allah ya ƙara. Amma in ka sake gaya wa tsoho kalma mai daɗi da kalma mai ɗaci a zama ɗaya, ka bar shi ya fita shi kaɗai, ka sani mai daɗin zai kai gida. Faɗi mai ɗacin tukuna, ka faɗe ta sau uku."

Likitan ya cire tabarau ya goge. Ya faɗe ta. Daji ne. Ƙarin da yake kamar gyaɗa ya kai lemon tsami, ga wani ƙarami ya fito kusa da shi. Wata biyar da suka wuce da an iya yanke shi a huta. Yanzu yanka ya yi wuya, amma bai bar hantar ya tafi wani wuri ba tukuna, akwai aikin da ake yi a toshe jijiyar da ke ciyar da shi, a babban asibiti, in an hanzarta. Ya rubuta takardar turawa, ranar Laraba. Ya miƙa wa Shawulu, Elisabatu ta cafe ta a iska, ta ninke ta tura a cikin rigarta.

A barandar asibitin Shawulu ya zauna a benci. Mutane na wucewa da kwanukan abinci da filas. Ya sunkuya yana kallon takalminsa.

"Maman Calvin, tsoro na ji."

"Na sani."

"Ki yafe mini."

Ta dube shi, ta ga wuyan rigar ya yi masa yawa, ta ga kunnuwan sun fito. Ta kau da kai, don in ta bari kuka ya fito a nan ba mai kai su mota.

"Yafiya ba ta ruɓewa, tana iya jira," in ji ta. "Hantarka ce ba ta jira. Ka kai mini kanka Laraba da ƙafarka, ka hau gadon nan, ka sauko da rai, sannan ka zo ka yi mini wannan maganar in ga ko ina da lokaci."

Ta sa hannu a hammatarsa ta ɗaga shi. Bai fi buhun fulawa nauyi ba.

"Tashi. Yarinyar mutane ta bar mota a rana."